Waƙoƙin Bukukuwa da Koyon Turanci a Makarantar Ƙauye

Yaron da ya tashi a ƙauyukanmu na ƙasar Ringim ba ya gamuwa da Turanci sai a cikin aji. A gida Hausa ake yi masa, a wasu gidajen Fillanci, a gona da bakin rijiya da kasuwar Gujungu ma haka abin yake, kuma ko rediyon da mahaifinsa ke ratayawa a kafaɗa da Hausa take kawo masa labarin duniya. Saboda haka duk abin da malami ya koyar na Turanci a cikin mintunan da jadawali ya ba shi, babu wanda zai taya shi nanatawa bayan an tashi. Lamarin ya fi tsanani a lokacin dogon hutu, wanda yake faɗowa a tsakiyar damina, domin yara sukan shafe makonni suna noma da kiwo da kai abinci gona ba tare da sun ji jimla ɗaya ta Turanci ba, sannan su dawo a watan Satumba kai ka ce ba a taɓa yi musu darasin zangon da ya wuce ba. Wannan ne ya sa na daɗe ina neman abin da yaro zai iya tafiya da shi gida ba tare da littafi ko wutar lantarki ko wayar hannu ba, kuma ban samu abin da ya kai waƙa ba.

Batun ba ƙarami ba ne. Tun daga manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 aka tsara cewa a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a muhallinsa a shekarun farko na firamare, daga baya Turanci ya karɓi ragamar koyarwa. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a tsawaita koyarwa da harshen uwa zuwa dukkan shekaru shida na firamare. Manufofi suna zuwa suna sauyawa, amma abu ɗaya bai sauya ba: da Turanci ake rubuta tambayoyin lissafi da na kimiyya a jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, da shi ake rubuta WAEC da NECO, kuma wanda bai samu kiredit a Turanci ba ƙofar jami'a a rufe take a gare shi, ko ta Dutse ce ko ta Kafin Hausa. Na ga yara masu kaifin basira, waɗanda za su iya lissafa kuɗin buhunan riɗi da ka kafin mai kalkuleta ya gama dannawa, sun faɗi lissafi don kawai ba su fahimci abin da tambayar take nema ba. Irin wannan asarar takan tsaya mini a rai.

Koyon nahawu ta hanyar waƙa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, kuma wannan ita ce hujjata ta farko ga duk wanda ya ɗauki abin wasa. Duk wanda ya zauna a zauren malamai ya san Alfiyyar Ibn Malik, malamin Andalus da ya rasu a Dimashƙa a 1274, wanda ya tattara ƙa'idojin nahawun Larabci a cikin baitoci kimanin dubu domin ɗalibi ya haddace su, kuma har gobe almajiran ilimi a Kano da Haɗeja da Gumel suna rera ta. Idan gardama ta tashi a kan wata ƙa'ida, malami baitin yake jawowa ya yanke hukunci da shi. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da waƙoƙi ta riƙa aika ilimi zuwa ga matan karkara ta hannun jajis ɗinta, wato matan da ta horar domin su koyar da 'yan'uwansu mata, domin ta san cewa macen da ba ta da littafi a ɗaki tana iya riƙe baiti a ka, ta rera shi tana daka ko tana kaɗi. Magabatanmu sun gane cewa ma'auni da amsa-amo suna tsare kalma a mazauninta: idan mai rerawa ya yar da gaɓa ɗaya ko ya sauya wasali, kunnensa ne zai fara sanar da shi cewa baitin ya karye. Abin da nake yi a ajina bai wuce ɗaukar wannan tsohuwar hikima in yi wa Turanci hidima da ita ba.

Me ya sa waƙoƙin bukukuwa musamman? Domin biki shi ne lokacin da zuciyar yaro ta riga ta cika da abin faɗa. Ana saura mako biyu Sallah, babu abin da yara ke tattaunawa a bayan aji sai ɗinki da takalmi da lalle da ragon da aka ɗaure a ƙofar gida, da kuma wanda zai je kallon hawa a Ringim. Malamin da ya shigo a wannan lokaci da darasin da ba shi da alaƙa da abin da ke ransu yana kokawa ne da su, wanda kuwa ya ba su kalmomin da za su faɗi abin da suke ɗoki da su, ya samu abokan aiki. Ƙari a kan haka, biki yana da jiya da yau da gobe, yana dawowa kowace shekara, yana da mutane da wurare da abinci da ƙidaya, wato yana ɗauke da kusan duk abin da ake buƙata domin koyar da lokutan aikatau.

Sai dai akwai matsala a kayan aikin da ake samu. Idan malami ya shiga intanet yana neman waƙoƙin biki na koyar da Turanci, kusan duk abin da zai tarar na Kirsimeti ne da hunturun Ingila da Amurka. Masu yi wa ƙasa hidima da ake turo mana daga kudu, a ƙarƙashin shirin da aka kafa tun 1973, su ma da irin waɗannan sukan zo, kuma da kyakkyawar niyya suke zuwa da su, domin da su aka koya musu. Wata daga cikinsu, mai ƙwazo da son yara, ta taɓa koya wa 'yan aji huɗu wata shahararriyar waƙar hunturu da aka fara bugawa a birnin Boston a 1857, wadda ke ba da labarin yawo a keken da doki yake ja a kan dusar ƙanƙara. Yaran sun kama karin cikin kwana kaɗan, har a hanyar rafi ana jin su suna rerawa. Amma da muka zauna da ita muka tambaye su ma'anar abin da suke faɗa, sai muka tarar sauti kawai suka haddace, sun haɗe kalmomi uku sun zama ɗaya, sun raba ɗaya ta zama biyu. Laifin ba nata ba ne, ba kuma na yaran ba ne. An ɗora musu nauyi biyu ne a lokaci guda, baƙon harshe da baƙuwar duniya. Yaron da hunturunsa hazo ne da ƙura da faso da jin ɗumi a bakin wutar kara, wanda ƙanƙarar da ya sani ita ce ta ruwan sama ko ta mai sayar da zoɓo, ba shi da wurin da zai rataye kalmomin dusar ƙanƙara da bututun hayaƙi da barewar ƙasashen sanyi. Kalmar da ba ta da abin da take nunawa a rayuwar mai koyo ba ta daɗewa tare da shi, ko da ta daɗe ba ta yi masa aiki.

Daga nan na ɗauki shawarar tsara gajerun waƙoƙi da kaina, da Turanci mai sauƙi, a kan bukukuwan da yaran suke rayuwa a cikinsu. Ni ba mawaƙi ba ne, kuma aikin ba ya buƙatar mawaƙi. Abin da yake buƙata shi ne malami ya san ƙa'idar da yake son dasawa, ya gina ɗango huɗu ko shida a kanta, ya sa musu kari mai sauƙi irin wanda yara suka saba da shi a dandali, sannan a raka da tafi. Wadda ta fi yi mini amfani ita ce ta Sallah mai baiti uku, wadda abin da ke cikinta ɗaya ne amma lokacinta yana sauyawa. Baitin farko na jajibere ne:

Tomorrow is Sallah, I will wake up early,
I will wear my new cap, I will go to pray.

Na biyu na ranar Sallah ne da kanta:

Today is Sallah, the people are coming,
I am wearing my new cap, I am going to pray.

Na uku kuma na washegari:

Yesterday was Sallah, I woke up early,
I wore my new cap and I went to pray.

'Yan mata sukan musanya hula da zane ko mayafi, kuma wannan musanyar ma darasi ce.

Dalilin da ya sa wannan tsari yake aiki yana cikin bambancin ginin harsunan biyu. A Hausa, lokaci yana rataye ne a jikin wakilin sunan da ke gaban aikatau. Mukan ce na sa hula, ina sa hula, zan sa hula, nakan sa hula, aikatau yana nan yadda yake, abin da ke gabansa ne yake sauya kama. Turanci kuwa sau da yawa cikin aikatau ɗin yake shiga ya sauya shi, wani lokaci ma ya sauya shi gaba ɗaya, ta yadda babu wata alama da za ta nuna wa yaro cewa go da went abu ɗaya ne. Bahaushen yaro, bisa hankalin harshensa, yana ganin da zarar ya ce yesterday ya gama bayyana lokaci, don haka sai ya bar aikatau yadda ya same shi. Wannan ba rashin fahimta ba ne, ƙa'idar harshensa ce yake bi da gaskiya. Za a iya rubuta masa jerin aikatau marasa bin ƙa'ida a allo ya kwafa, ya haddace don gwajin ranar Juma'a, ya manta kafin Litinin. Amma idan ya rera baitin washegarin Sallah sau da yawa, bakinsa yana sabawa da cewa bayan yesterday sai woke da wore da went, har ya kai matsayin da idan ya ji wani ya faɗi akasin haka kunnensa zai ƙi karɓa tun kafin ya iya bayyana dalili. Wannan ƙin karɓar na kunne shi ne abin da ɗan birni mai kallon talabijin yake samu kyauta, shi ne kuma abin da nake ƙoƙarin samar wa ɗan ƙauye.

Akwai wuraren da harsunan suka yi kusa da juna, kuma a nan ba na ɓata lokaci. Lokaci mai ci na Hausa, irin su yana zuwa da suna tafiya, ya yi daidai da baiti na biyu, yara kan kama shi nan take. Lokaci na sabo ma haka, da zarar an gaya musu cewa yakan saya shi ne abin da Bature yake nufi idan ya ce he buys, sai dai a dage a kan ƙaramin harafin s ɗin nan na ƙarshe, wanda yake ɓacewa a bakin kusan kowane ɗalibi. Domin shi na tsara waƙar layya, wadda kowane ɗango nata yake farawa da every year: mahaifi yana sayen rago, mahaifiya tana soya nama, yaya tana kai wa maƙwabta. A ƙarshen kowane aikatau yara sukan ja sautin s ɗin da gangan tare da tafi ɗaya, kuma suna jin daɗin yin hakan.

Jam'i ma yana da tasa matsalar. Bahaushe yana iya cewa shekara biyar ko naira ɗari ko buhu goma ba tare da ya jam'inta sunan ba, domin adadin ya wadatar, kuma adadin a bayan suna yake zuwa. Turanci yana gabatar da adadi, sannan ya tilasta jam'i. Waƙar kasuwar dabbobi, wadda muke yi gab da Babbar Sallah lokacin da kowa ke zancen farashin raguna a Maigatari ranar Alhamis, ƙidaya ce kawai daga ɗaya zuwa goma, da raguna da awaki da shanu da raƙuma, kuma a cikinta nake saka 'yan kalmomin da suka saɓa wa ƙa'ida, kamar sheep da ba ta sauyawa da men da women da children. Haka nan ƙananan kalmomin wuri da lokaci, inda Hausa take wadatuwa da “a” ko “da” ko “ran”, Turanci kuma yake rarrabe on da in da at. Ban taɓa samun bayanin da ya gamsar da ɗan aji biyar a kan wannan rarrabewa ba, kuma ina ganin a wannan mataki bayanin ba shi ne abin buƙata ba. Ɗango ɗaya da ke cewa on Sallah day, in the morning, at the prayer ground ya ba shi misalai uku da zai riƙa auna sauran jimloli da su har ya girma.

Mafi daɗin duka a wurin yara ita ce waƙar tambaya da amsa, wadda na gina a kan tsarin bayarwa da amshi irin na waƙoƙin gaɗa da 'yan mata ke yi da daddare. Akan raba aji biyu, ɓangare ɗaya ya tambaya where did you go, ɗayan ya amsa I went to my uncle's house, sannan what did you eat, a amsa I ate rice and meat, a ci gaba da wa ka gani, me aka ba ka na goron Sallah, nawa ka tara. A nan ne suke koyon abin da yake wahalar da har ɗaliban babbar sakandare, wato cewa idan did ta shigo cikin tambaya ita ce take ɗaukar nauyin shuɗaɗɗen lokaci, aikatau ya koma asalinsa, amma a cikin amsa sai ya sake sauyawa. Mukan yi wannan waƙa a makon farko bayan hutun Sallah, lokacin da kowane yaro yake da labarin gaske da yake ƙagare ya bayar, kuma nakan bar kowa ya saka amsarsa ta gaskiya, ko da hakan zai ɗan gurgunta karin.

Ban fara wannan aiki ba sai da na je na gaida limamin garinmu na yi masa bayani, domin na san iyaye za su ji 'ya'yansu suna rera abin da ba su fahimta ba, kuma suna da haƙƙin su san mene ne. Bayan mun gaisa na ce, “Allah gafarta Malam, na zo ne in karanta maka abin da nake son koya wa yara, in kuma fassara maka shi kalma bayan kalma, idan akwai abin da bai dace ba a cire.” Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni ko akwai kiɗa a ciki, na ce babu sai tafi. Ya ce, “Malam, ai mu ma da waƙe muka koyi Larabci. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka sa musu a baki abin da ya shafi aƙidar wasu, kuma kada waƙar ta hana su zuwa makarantar allo da yamma.” Na yi masa alkawarin duka biyun, kuma ina riƙe da shi. Ina shawartar duk malamin ƙauye da ya bi wannan hanya kafin ya fara, domin amincewar iyaye ita ce take ba waƙar damar shiga cikin gida, kuma a cikin gida ne take yin rabin aikinta, inda ƙanne ke kamawa daga bakin yayye tun kafin a sa su a makaranta.

Fa'idar da ban yi tsammani ba da farko ita ce ta furuci. Hausa ba ta yarda baƙaƙe biyu su haɗu a farkon gaɓa ba, shi ya sa duk kalmar da muka aro sai mun cusa mata wasali, kamar yadda aka yi wa burodi da fursuna da sukundireba. Yaro yana ɗauko wannan ɗabi'a zuwa Turanci, sai kalma mai gaɓa ɗaya irin pray ta zama mai gaɓa biyu a bakinsa, kuma da yake Hausa ba ta rarrabe p da f, sai farkon kalmar ma ya sauya. Gyara irin wannan da baki yana gajiyar da malami, yana kuma kunyata yaro a gaban 'yan'uwansa, wanda hakan kan sa ya daina buɗe baki gaba ɗaya. A cikin waƙa kuwa tafi ne yake gyarawa. Kowace kalma tana da gurbinta a cikin bugun, wanda ya ƙara wasali zai ga an wuce an bar shi, sai ya gyara da kansa a zagaye na gaba, a ɓoye cikin muryoyin sauran, babu wanda ya nuna shi da yatsa. Haka kuma Hausa harshe ne mai karin sauti da dogon wasali da gajere, Turanci kuwa da nauyin gaɓa yake tafiya, ana danna wata a sassauta wata, kuma wannan abu ne da bayani ba ya koyar da shi sai an ji. Abin lura shi ne cewa a jarrabawar WAEC akwai sashen da ke gwada sanin furuci da nauyin gaɓa, amma a rubuce ake amsa shi, don haka ɗalibin da bai taɓa jin yadda kalmar take fita ba sai dai ya yi canke. Wanda ya taso da waɗannan waƙoƙi yana da abin da zai koma ya saurara a cikin kansa.

Duk da wannan, wajibi ne in faɗi iyakar waƙa, domin na ga inda aka mayar da ita dukkan darasi, yara suna ta rerawa daga safe har tashi, hedimasta yana jin daɗin amon aji, alhali babu abin da ya shiga. Yaro yana iya rera baiti daidai ba tare da ya iya fitar da jimla ɗaya daga cikinsa ya yi magana da ita ba. Waƙa kamar damin gero ce da aka kawo daga gona, sai an sussuka an sheƙe kafin a samu abin da za a ci. Saboda haka bayan rerawa nakan rubuta baitin a allo mu karanta shi da muryar magana, babu kari babu tafi. Sannan in goge aikatau in bar gurbi su cike, sannan in sauya mai magana daga ni zuwa ita ko su, in sauya hula da wani abu, in sauya filin Idi da kasuwa. Mataki na ƙarshe shi ne kowane yaro ya rubuta jimloli uku a kan Sallarsa, da abin da ba ya cikin waƙar. Wanda ya iya wannan ya mallaki ƙa'idar, wanda bai iya ba har yanzu sauti yake riƙe da shi, kuma aikin malami a kansa bai ƙare ba. Rubutun yana da muhimmanci ta wata fuskar ma, domin kunne ba ya koyar da ƙa'idar rubutun Turanci. A Hausa abin da ka ji shi kake rubutawa, a Turanci kuwa meat da meet furucinsu ɗaya, haka ate da eight a bakin mutane da yawa, kuma waƙa ba za ta taɓa nuna wa yaro bambancinsu ba sai allo.

Wata iyakar kuma ita ce mawaƙa a kowane harshe suna da lasisin lanƙwasa nahawu domin ma'auni ya daidaita, su gabatar da abin da ya kamata ya zo a ƙarshe, su yi amfani da tsofaffin kalmomi. Misalin da ke gabanmu kowace safiya shi ne taken ƙasa, wanda aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978, aka kuma dawo da shi a ranar 29 ga Mayu, 2024. Yara suna rera shi a taron safe da ranar 1 ga Oktoba da ranar yara ta 27 ga Mayu, kuma tun a layinsa na farko akwai kalmar thee, tsohuwar siffar you wadda ba a magana da ita yau sai a addu'o'i da tsofaffin waƙoƙi. Nakan keɓe darasi guda kafin bikin samun 'yancin kai in warware musu taken jimla bayan jimla, domin bai dace ɗan ƙasa ya yi shekaru yana rera alkawarin da bai san abin da ya ƙunsa ba, amma nakan gaya musu a fili cewa wannan Turancin girmamawa ne, ba wanda za su rubuta wasiƙa da shi ba. Tsofaffin waƙoƙin Kirsimeti na Ingila cike suke da irin wannan salo, wanda ya ƙara zama dalilin da ya sa ba su dace da mai farawa ba.

Wannan ba yana nufin a rufe wa yara ƙofar sanin bukukuwan wasu ba. Muna da maƙwabta Kirista, Hausawa 'yan'uwanmu a wasu ƙauyukan Kano da Jigawa da kuma baƙi ma'aikata, kuma ɗalibin da zai ci gaba da karatu dole wata rana ya karanta labarin da aka ambaci dusar ƙanƙara a cikinsa. Abin da nake cewa shi ne komai da lokacinsa. A ƙaramar sakandare, bayan yaro ya samu ginshiƙin jimla, ana iya kawo masa waƙar hunturu wadda ta tsaya a kan yanayi da tafiya da zumunci, a karanta ta a matsayin darasin fahimta, a haɗa da taswira a nuna masa dalilin da ya sa watan Disamba yake da tsananin sanyi a Ingila alhali a Ostareliya tsakiyar zafi ne, sannan a ce ya kwatanta da hunturun garinsu. A wannan mataki baƙuntar abin ita ce amfaninsa. Waɗanda suka ƙunshi ibada kuwa na masu ita ne, kuma barinsu gare su girmamawa ce ga ɓangarorin biyu.

Da yake watannin Musulunci suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, waƙoƙin Sallah ba su da tsayayyen gurbi a manhaja, dole malami ya duba kalanda tun farkon shekara ya ga a wane zango Azumi da Layya za su faɗo, ya jera darussan lokutan aikatau daidai da haka. Kaka ce take da tsayayyen lokaci, kuma ko da yake ba a ba da hutu dominta, a ƙauye biki ce ta gaske. Waƙar kaka da nake aiki a kanta yanzu ta kalmomi ce fiye da nahawu: gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi, lauje da rumbu da amalanke, yanka da ɗaurewa da ɗauka da zubawa. Wasu daga cikin waɗannan ba sa cikin littattafan da ake kawo mana, alhali su ne abin da yaro zai buƙata idan aka ce ya rubuta insha'i a kan sana'ar mahaifinsa.

Kafin in kai kowace sabuwar waƙa aji, sai na ba wani abokin aikina da muka yi karatu tare a Kwalejin Ilimi ta Gumel ya duba ta, wani lokaci kuma in ba mai hidimar ƙasa da ke tare da mu ya rera ta da bakinsa in saurari inda nauyin gaɓa ya faɗa. Dalili shi ne ƙarfin da yake sa waƙa ta dasa daidai shi ne kuma yake sa ta dasa kuskure, kuma kuskuren da yara sittin ko fiye suka rera suka kai gidajensu ba ya gyaruwa da jan biro. Idan kari ya tilasta a danna gaɓar da ba ita ake dannawa a magana ba, karin nake sauyawa, ba kalmar ba. Idan amsa-amo ya nemi in juya tsarin jimla, amsa-amon nake bari ya tafi, shi ya sa da yawa daga cikin waƙoƙin nawa ƙarshen ɗangonsu bai dace da juna ba. Malaman da ke makarantun da ke kewaye da mu sun fara karɓar wasu ta WhatsApp, suna sauya sunayen garuruwa da kasuwanni zuwa nasu, kuma sharaɗin da nake gindaya wa duk wanda ya karɓa shi ne idan ya ƙara baiti ya turo mana mu duba shi tare kafin ya koya wa yara.